Ya Ƙi Ne, Ko Ya Kasa? Tunani a Kan Ɗaurin Talala

Duk wanda ya taɓa kiwon akuya ya san talala. Ba a kulle ta a ɗaki, ba a kuma sake ta ta faɗa gonar mutane. Doguwar igiya ake ɗaura mata a turke, ta yi kiwo iya inda igiyar ta kai. Daga nan Bahaushe ya ari suna ya ba wani irin hukunci, ya ce ɗaurin talala. A rediyo za ka ji ana cewa ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka. Mu nan Nijar kuwa, a bakin kotu da wurin shan shayi a fada, kalmar Faransanci ce ta fi yawo, wato sursi. "Wata shida aka ba shi, amma sursi." Nan take wani zai ce, to ai an sake shi ke nan, ya ci banza. Wani kuma ya taɓe baki ya ce wannan hukuncin ƴaƴan manya ne.

Ƴan'uwa ɗalibai, tambayar da nake so mu tauna tare ita ce: mutumin da kotu ta bari a waje bisa sharaɗi, sai ya saɓa sharaɗin ba tare da ya yi wani sabon laifi ba, adalci ne a jefa shi kaso? Ni a ganina amsar ta rataya a kan wata ƴar tambaya da Hausa ta riga ta tanadar wa kalmomi: ya ƙi ne, ko ya kasa? Kotun da ba ta tsaya ta raba waɗannan biyun ba, talauci take hukuntawa tana kiransa taurin kai. Amma kafin mu kai can, sai mun san yadda abin yake tafiya.

Yadda abin yake

Wanda aka yi wa ɗaurin talala, kotu ta same shi da laifi. An yi shari'a, an yanke hukunci, an rubuta. Zartar da hukuncin ne kawai aka jingine. Saboda haka ya bambanta da beli, wato sakin wucin gadi da ake yi wa mutum tun shari'a ba ta ƙare ba, yana nan a matsayin wanda ake zargi. Ya kuma bambanta da sakin da ake yi wa ɗan kaso bisa sharaɗi bayan ya ci wani ɓangare na wa'adinsa a ciki.

Iri biyu ne. Na farko shi ne sursi zalla, mai sharaɗi ɗaya tak: kada ka sake. A dokar Faransa, wadda tamu ta samo tushe daga gare ta, shekara 5 ake ɗibar wa mutum. In ya kai ƙarshensu ba a sake kama shi da wani laifi ba, hukuncin ya faɗi. In kuwa ya sake, ana iya haɗa masa na da da na yanzu, ya ci su a jere.

Na biyu shi ne mai gwaji, kuma shi ne aka fi sani a Amurka da Ingila. A nan ba a cewa jeka kawai. Ana haɗa ka da jami'in da zai riƙa bin sawunka, a lissafo maka sharuɗɗa. A Faransa akwai waɗanda suka hau kan kowa: ka amsa kira duk lokacin da alƙali ko jami'in ya neme ka, ka sanar in ka sauya aiki ko gida, ka sanar in za ka yi tafiyar da ta wuce kwana 15. Akwai kuma waɗanda alƙali ke zaɓa daidai da laifinka: ka nemi aiki ko ka koyi sana'a, ka je magani in shaye-shaye ne matsalar, ka biya wanda ka cuta, kada ka shiga mashaya, kada ka kusanci wane, kada ka riƙe makami. Wa'adin gwajin daga wata 12 ne zuwa shekara 3, yana iya kai 5 ko 7 ga wanda ya saba komawa laifi. Alƙali na musamman ke kula da wannan, wanda aikinsa shi ne bin yadda ake zartar da hukunci.

Baduku da sanata

Abin bai faro daga ofis ba. A shekarar 1841, a birnin Boston na Amurka, wani mai ɗinkin takalma, John Augustus, ya roƙi alƙali ya damƙa masa wani mashayi da ake shirin ɗaurewa. Ya tsaya masa, aka ba su sati uku. Da suka dawo, mutumin ya natsu har alƙali ya ci shi tarar santi ɗaya da kuɗin kotu, ya sallame shi. Daga nan Augustus ya mai da abin aikinsa. Kafin rasuwarsa a 1859 ya tsaya wa mutum kusan 2,000. Yana nema musu aiki, yana sasanta su da iyalansu, wasu ma a gidansa suke kwana. A 1878 jihar Massachusetts ta mai da wannan aikin doka, da ma'aikaci mai albashi. Ingila ta yi tata dokar a 1907.

A Turai ta wata hanya aka biyo. Beljiyam ta yi doka a 1888, Faransa a 1891, da ƙoƙarin wani sanata mai suna René Bérenger. Damuwarsa ita ce gajeren ɗauri: ka ɗauki yaron da ya yi laifin farko ka kulle shi wata uku da tsofaffin ɓarayi, ya rasa aikinsa, ya zubar da kunyarsa, ya fito da sababbin abokai da sabon ilimi. Gara a rataya masa hukuncin bisa kai ya koma gida. Sai a 1958 Faransa ta ƙara da irin mai gwaji da jami'in bibiya.

Ku lura da bambancin. Sanata tsoro ya dogara da shi. Baduku kuwa rakiya ya yi. A wurin Augustus, wanda ya ba da amana shi ma yana ɗauke da kaya: shi ke yawon neman aikin, shi ke buɗe ƙofar gidansa. Wannan rabin ne ya fi saurin ɓacewa idan gwamnati ta karɓi aiki. Sharuɗɗa ba su da tsada, alƙalami kawai suke ci. Rakiya ce mai cin kuɗi da lokaci.

Wa ya cancanta?

Kusan ko'ina abu uku ake dubawa. Na farko nauyin laifi. A Faransa ba a jingine ɗaurin da ya wuce shekara 5, sai dai ga mai maimaita laifi a tsarin gwaji, inda ake iya kaiwa 10. A kotunan tarayyar Amurka, laifin da hukuncinsa ya kai shekara 25 ko rai da rai ba ya shiga wannan layin. Na biyu tarihin mutum. Sursi zalla a Faransa na wanda ba a yanke wa ɗauri ba ne cikin shekara 5 da suka gabaci laifin. Waɗannan biyun babu gardama mai yawa a kansu. Mai kisa ba ɗaya yake da ɓarawon kaza ba, wanda ya faɗi sau ɗaya kuma ba ɗaya yake da wanda ya mai da abin sana'a ba.

Na ukun ne mai ƙaya, wato halin da mutum yake ciki. Yana da aiki? Yana da gidan da za a same shi? Akwai mai tsaya masa? Mu ƙaddara samari biyu sun saci waya iri ɗaya, rana ɗaya, kuma dukansu laifin farko ne. Ɗaya ɗan lise ne, ubansa ma'aikacin gwamnati, ga shi nan zaune a kotu da babbar riga. Ɗayan daga ƙauye ya zo ci-rani, a tasha yake kwana, ba wanda ma ya san an kama shi. Ba sai alƙali ya ci hanci ba kafin na farko ya koma gida na biyu ya wuce kaso. Tambaya mai ma'ana ce alƙalin ya yi wa kansa: in na sake shi, ina zan gan shi? Amma dubi inda ta kai mu. Abin da ɗan lise ya gada, aka lissafa masa a matsayin halin kirki. Abin da ɗan ci-rani ya rasa, aka lissafa masa a matsayin haɗari. Masu cewa sursi hukuncin ƴaƴan manya ne sun hango gaskiya, sai dai sun ɗora laifin ga hukuncin, alhali ma'aunin shiga ne ya karkace. Maganin shi ne a samar wa na biyu mai tsaya masa, kamar yadda baduku ya yi. In an rufe ƙofar ga kowa, ɗan ci-rani bai ƙaru da komi ba.

Saɓa sharaɗi

Saɓawa ma iri biyu ce. Akwai sabon laifi: yana cikin gwaji ya sake sata. Wannan a fili yake. Akwai kuma saɓawar da ba laifi ba ce ga kowa sai shi: bai zo ranar da aka kira shi ba, ya yi tafiya bai nemi izini ba, bai biya kuɗin wata ba, an gan shi da wanda aka hana shi gani. Ni da kai in mun yi waɗannan, ba mai ce mana uffan. Shi kuwa suna iya kai shi kaso.

Idan jami'i ya kai rahoto, alƙali yana da zaɓi. Yana iya jan kunne, ko ya ƙara sharaɗi, ko ya tsawaita wa'adin, ko ya soke talalar, ɓangare ko duka. A 1973 Kotun Ƙolin Amurka ta ce ba a sokewa sai an saurari mutum, an gaya masa abin da ake zarginsa da shi, an ba shi damar kawo hujjarsa. Faransa ma, da dokar 2014, ta daina soke sursi kai tsaye, sai alƙali ya duba ya yanke. Sai dai a Amurka wannan zaman bai kai cikakkiyar shari'a ƙarfi ba. Babu masu taya alƙali hukunci daga cikin jama'a, kuma ba a neman hujjar da ta kore duk wani kokwanto, ya isa alƙali ya ga zargin ya fi kusa da gaskiya. Ke nan hanyar kaso ta fi gajarta ga mai talala fiye da kowa a gari.

Dalar Amurka 550

A 1980, a jihar Jojiya ta Amurka, wani mutum mai suna Danny Bearden ya amsa laifin fasa wuri da karɓar kayan sata. Da yake laifin farko ne, aka ba shi gwajin shekara 3, da sharaɗin ya biya tarar dalar Amurka 500 da diyyar 250. Ya ranto 200 wurin iyayensa ya biya nan take, saura 550 cikin wata huɗu. Bayan kamar wata guda aka sallame shi daga aiki. Karatunsa bai yi nisa ba, bai ma iya karatu ba. Ya yi ta neman wani aikin bai samu ba. Da wa'adi ya kusa, shi da kansa ya sanar da ofishin cewa zai makara. Kotu ta soke gwajin, ta tura shi kaso ya ƙarasa sauran wa'adin.

Maganar ta kai Kotun Ƙoli, aka yanke a 1983, mai shari'a Sandra Day O'Connor ce ta rubuta hukuncin. Abin da kotun ta tsayar shi ne: kafin a ɗaure mutum don bai biya ba, dole alƙali ya binciki dalili. In yana da hali ya ƙi, ko bai yi wani ƙoƙarin kirki na nema ba, ana iya ɗaure shi. In kuwa ya yi iya yinsa abin ya gagara, sai a fara duba wata hanya, kamar ƙara masa lokaci, ko rage tarar, ko ba shi aikin jama'a. Sai in duk waɗannan ba za su wadatar ba ake maganar ɗauri.

Wannan shi ne ƙi da kasa a bakin alƙalai. Me ya sa bambancin ya zama tushe? Domin hukunci magana ce da ake yi da nufin mutum. Ana hukunta ka don ka zaɓi wani abu alhali kana iya zaɓar wani. Wanda ya ƙi ya yi zaɓi, ya ce wa kotu amanarki ba ta dame ni ba. Wanda ya kasa bai ce komi ba, aljihunsa ne ya yi magana. In ka ɗaure shi, wane darasi kake so ya ɗauka? Ya daina talauci? Ko a gida mun san wannan. Uwa ta aiki yara biyu ɗiban ruwa, ɗaya ya tsaya ƙwallo, ɗaya tulu ya fi ƙarfinsa ya fashe. Duka biyun sun dawo hannu wofi, amma uwar da ta yi musu duka iri ɗaya, maƙwabta za su yi magana.

Abin da za a ce mini

Wani zai ce alkawari kaya ne, ai shi ya amsa sharuɗɗan da bakinsa. Haka ne. Amma a wane hali ya amsa? Ƙofar kaso na buɗe a bayansa. A wannan tsayuwar, ko cewa aka yi ya kawo jika ɗari kowane wata, zai ce to. Amsar wanda ba shi da zaɓi ba ta wanke wanda ya ɗora kayan. Nauyin auna kaya yana kan mai ɗorawa, tunda shi ke da iko, shi ke da lokacin tambaya: nawa kake samu a wata, nisan garinku da nan kilomita nawa ne, wa zai riƙe maka shago ranar da ka zo?

Wani zai ce, to ai kowa sai ya ce kasawa ya yi. Gaskiya ne, mutane na ƙarya. Amma ƙoƙari yana barin sawu. Bearden ya ranto kuɗi ya biya na farko, ya nemi aiki, ya kai kansa ya faɗa tun ba a neme shi ba. Wanda ya ƙi, ɓacewa yake yi, ya kashe waya, ka gan shi da sabon moto alhali bai biya ko dala ba. Kuma raba ganganci da kuskure shi ne aikin alƙali na kullum. In yana iya yi a shari'ar kisa, ba zai gagare shi a kan jika biyar ba. Abin da ake buƙata kawai ya tsaya ya tambaya.

Magana ta uku ta fi nauyi: ina wanda aka cuta? Wanda aka sace wa waya ya ga ɓarawonsa a kasuwa washegari, me zai ji? Wannan ƙorafin halal ne, kuma duk tsarin da ya raina shi ba zai daɗe ba, don mutane za su koma ɗaukar doka a hannunsu. Abu biyu zan ce. Na ɗaya, ɗan kaso ba ya biyan diyya. Mai wayar ya fi kusa da ganin kuɗinsa in ɓarawon na waje yana aiki yana biya kaɗan-kaɗan. Na biyu, ba duk sharuɗɗa ne nauyinsu ɗaya ba. In an ce wa mutum kada ya kusanci matar da ya yi wa duka, sai aka gan shi a ƙofar gidansu da dare, wannan ba makara ba ce, ba kuma talauci ne ya kai shi ba. Sharaɗin katanga ne tsakaninsa da ran wata. Nan kam a yi sauri, a kuma yi tsanani. Raba ƙi da kasa yana sassauta wa wani, yana kuma tsananta wa wani.

Akwai wurin da layin ke dushewa, wato shaye-shaye. Yaron da aka ce ya bar taramol, bayan wata biyu ya koma, ya ƙi ne ko ya kasa? Ƙwayar farko zaɓi ce, ta ɗari kuwa jiki ne ke nema. A nan ina ganin abin dubawa shi ne ko yana dawowa. Wanda ya zame ya zo ya faɗa, ya ci gaba da zuwa magani, yana kan hanya ko da yana ɗingishi. Wanda ya daina zuwa gaba ɗaya ya ba da amsarsa. Sannan a tambayi ita ma hukuma: da kika ce ya je magani, akwai wurin maganin a garinsu? In babu, wa ya fara saɓa alkawari?

Igiyar da ba ta da ƙarshe

Akwai wata hanyar da talala ke zama zalunci, ita ce tsawo. Da yawa cikinmu sun san mawaƙin nan na Filadelfiya, Meek Mill. An kama shi a 2007 yana saurayi, aka same shi da laifi a 2008, ya yi zaman kaso na wasu watanni, sannan aka sa shi a gwaji. Kowace saɓawa sai ta jawo ƙarin wa'adi, har ya shafe kusan shekara 10 a ciki. A watan Nuwamba 2017 aka yanke masa shekara 2 zuwa 4 don saɓa sharaɗi. Cikin dalilan har da kama shi da aka yi a New York yana wasa da moto, tuhumar da aka janye. Ya fito a Afrilu 2018, a 2019 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin asali. Wannan mai kuɗi ne, mai lauyoyi, duniya na kallo. Amurka na da mutum wajen miliyan 3 a ƙarƙashin irin wannan gwajin, sun fi waɗanda ke cikin gidajen kasonta yawa, kuma a jihohi da dama su ke biyan kuɗin bibiyar da ake yi musu kowane wata. Ka tara wa mutum sharuɗɗa goma sha, ka ba shi shekara goma, wallahi ko waliyyi ne sai ya yi tuntuɓe. Abin da aka ƙirƙiro don rage shiga kaso sai ya koma wata ƙofar shiga.

A tarihin Musulunci akwai abin da ya kamata mu tuna a nan. Bayan yaƙin Tabuka, sahabbai uku, Ka'abu ɗan Malik da Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya, sun amsa cewa ba su da uzurin ƙin fita. Ba a kulle su ba. An bar su cikin Madina, aka hana mutane yi musu magana. Abin ya yi musu tsanani ƙwarai, amma kwana 50 ya ɗauka, aka karɓi tubarsu, jama'a suka rungume su. Ba ina cewa wannan shi ne sursi ba, tushensu daban ne. Darasin da na ɗauka dai shi ne horo a cikin jama'a yana da rana ta ƙarshe, kuma in ranar ta zo, mutum ya dawo cikakken mutum. Waɗanda kuwa rauni ko rashin abin hawa ya hana su fita, tun farko ba a sa su a layin masu laifi ba.

Mu a gida

Me ya kai ɗalibin Maraɗi ko Damagaram ga shari'ar Jojiya? Gidajen kasonmu sun cika sun batse, kuma da yawa daga cikin mutanen ciki ba a ma yanke musu hukunci ba. Duniya ta daɗe tana kiran a nemi wata hanya: ƙa'idojin Tokyo na Majalisar Ɗinkin Duniya a 1990, sanarwar Kadoma ta Zimbabuwe a 1997 a kan aikin jama'a maimakon ɗauri. Nijeriya ta sa irin waɗannan hukunce-hukuncen a dokokinta na 2015 da 2019. Mu ma a 2017 an yi dokar aikin amfanin jama'a. Ke nan hanyar da ake bi ke nan, kuma hanya ce mai kyau. Tsorona shi ne mu kwafo takardar sharuɗɗan Faransa mu manna a kan rayuwar da ba ta yi kama da tasu ba.

Ka ce wa manomin karkarar Tawa ya zo birni ya sa hannu kowane sati biyu, har cikin damina. Kuɗin mota kawai ya cinye abin cefanensa, ga gona na jira. Ka ce wa makiyayi ya tsaya a adireshi ɗaya. Ka hana ɗan ci-rani fita gari, alhali tafiyar rani ita ce abincin gidansu. Ka ce wa matashi ya kawo takardar shaidar aiki, a ƙasar da galibinmu ba mu taɓa ganin takardar albashi ba. Waɗannan duka, ranar da aka rubuta su aka rubuta saɓa su. Sharaɗin kirki shi ne wanda ya taɓa laifin kai tsaye, wanda mutumin zai iya ɗauka da abin da yake da shi, wanda aka karanta masa da harshen da yake ji, mai kuma ranar ƙarewa. Uku masu ma'ana sun fi goma sha biyar.

Kuma muna da abin da Boston ta samu wurin mutum ɗaya. Tsayawa wani al'adarmu ce. Ubangidan gareji, mai unguwa, liman, shugabar ƙungiyar mata, tsohon malamin makaranta, duk suna iya riƙe yaro su ce yana hannuna. Sai dai a yi hattara, mai unguwa ma mutum ne, yana da nasa da waɗanda ba nasa ba. Ya yi rakiya, ya ba da shaida, amma maganar ƙarshe ta zauna wurin alƙali, bayan an saurari yaron.

Kada kuma mu ɗauka abin na wasu ne. A watan Yuli 2018, wasu shugabannin ƙungiyoyin farar hula da aka kama kan zanga-zangar adawa da dokar kasafin kuɗi sun sami wata 3 sursi, bayan sun riga sun yi wajen wata 4 a tsare. Ɗalibin da ya fita zanga-zanga yau yana iya kwana da irin wannan hukuncin rataye bisa kansa, ya yi shekaru yana auna kowace kalma kafin ya buɗe baki a taro. Wanda ya ce sursi cin banza ne, bai taɓa ɗaukarsa ba.

Cikin masu karanta wannan ɗan littafin akwai masu karatun shari'a a jami'a. Nan da ƴan shekaru wasunku za su zauna kan kujera, a ajiye muku dosiye a ce wane bai zo sa hannu ba sau biyu. Rubuta "a soke" ba zai ci muku minti ɗaya ba, kuma ba wanda zai tuhume ku. Kiran mutumin a tambaye shi me ya hana shi zuwa zai ci rabin awa, ga wasu dosiye arba'in na jira. Roƙona ku ba da rabin awar nan. Mai yiwuwa ku tarar ya raina kotu ne, to ku hukunta shi da zuciya ɗaya. Mai yiwuwa kuma ku tarar kuɗin mota ne bai samu ba.